Mutumin Da Na Binne A Takarda

Sallama ga edita da masu karatun wannan mujalla. Na daɗe ina rubuta labarin mutane, yau kuma layi ya zo kaina.

Lokacin da abin ya faru ban jima da ajiye alli ba. Mushe ne ni, wato malamin makaranta, a wata lakwal ta Madawa, kafin in samu aiki a wata mujalla a Yamai, in koma mai yawo da kaye da bik, wato littafin rubutu da biro, ina tambayar mutane abin da ba ruwana. Na fitar da littafi guda kan ƴan ci-ranin Adar, gaskiya zalla, aka yi ta yabonsa, musamman waɗanda ba su karanta ba. A ciki akwai labarin wata tsohuwa ta wani ƙauye bisa dutse, gaba da Allakaye. Ɗanta ya tafi Libiya ya bar mace da ɗiya biyu, shekara shida babu waya, babu saƙo, babu kuma wanda ya ce ya ga gawarsa. Duk kaka takan ware damen gero ɗaya ta sa a rumbu, ta ce rabonsa ne. Ta dama mini fura, ta kira ni ɗanta, ta ce tunda ni mai yawon duniya ne kuma mai rubuta gaskiya, duk ranar da na ji labarinsa, mai daɗi ko mai ɗaci, kada in ɓoye mata. Na ce to, irin to ɗin da mutum kan yi yana laluben takalmi.

Bayan shekara biyu wani mai shirya fim ya nemi in mayar masa da labarin wasa. Ya ce ba mai kallon tsohuwa tana jira har fim ya ƙare, sai an san makomar yaron. Ni kuwa na kashe shi a zama ɗaya, da shayi a gefena. Na kwantar da shi bakin wata busasshiyar rijiya cikin Sahara, ya cire takalminsa ya yi matashin kai da shi, yana kiran ƙaramar ɗiyarsa har muryar ta ɗauke. Na sake sunaye, amma na bar dutsen, na bar rumbun da damman, don na ga sun yi kyau. Har ina yaba wa kaina.

Fim ya isa ƙauyen a cikin waya. An ce tsohuwa ta sa aka riƙe mata ta kalla sau biyu, sannan ta tambayi wanda ya rubuta. Da aka faɗa mata, sai ta ce ashe yaron nan ya cika alkawari, kunya ce ta hana shi zuwa ya faɗa da baki. Matasa suka ce mata wasa ne fa, Inna. Ta ce wanda ya sha furarta ba zai yi wasa da ran ɗanta ba. Aka yi masa sallar ga'ib, aka sussuke damman aka yi sadaka, matar ta yi takaba ta sake aure, aka raba gonar. Ni ban san komai ba.

Wata ranar kasuwa na zo gida Madawa, rana tsaka, aka ce ana sallama da ni. Na tarar da wani siririn mutum zaune a zaure, hannuwa bisa gwiwa. Muka gaisa, ya faɗi sunan ƙauyensu, ya ce shi ne wanda ya mutu. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ranar da ya dawo, mata sun watse daga bakin rijiyar ƙauye sun bar guga, ɗiyarsa ta ɓuya bayan mijin uwarta, har yanzu in ya tsaya a sahun salla sai a bar ɗan fili tsakaninsa da na kusa. Na fara ba da haƙuri da dogon bayani irin na malamin aji, ya tsayar da ni, ya ce ba wannan ya kawo shi ba. Abin da yake so ya sani, wa ya ba ni labarin rijiyar nan ta Sahara. Domin ya kwanta a bakinta kwana biyu, takalmi ƙarƙashin kansa, yana kiran yarinyar, kafin wasu masu raƙuma su ɗauke shi, kuma bai taɓa gaya wa kowa ba. Na rantse masa cewa daga kaina na ƙago. Ya ce to, ya tashi. Ruwan da aka kawo masa bai taɓa ba.

Na hau dutsen nan daga baya na durƙusa gaban tsohuwa, na ce ƙarya na rubuta, wannan ɗanta ne. Ta saurare ni da natsuwa, ta ce Allah ya yi mini albarka, ta san tausayi ne ya sa nake faɗin haka. Har ta rasu, a kwanon baƙi take zuba masa tuwo, tana tambayarsa mutanen gidansu.

Ban san yadda rijiyar ta shigo kaina ba, na kuma daina neman sani. Abin da na sani, a birni mun raba gaskiya da wasa kowanne da shafinsa, amma wanda ya amince da kai ba ya duba shafi, kai yake dubawa. Ƴan'uwana masu alƙalami, in an ba ku labarin da Allah bai rufe ba, ku bar shi a buɗe ko da ba zai yi daɗin kallo ba. Na buga gyara a mujalla har sau biyu, amma mutumin yana nan a ƙauyensu yana noma gonar aro, kuma babu shafin da zai mayar masa da uwarsa.