Lalle a Hannun 'Yar Tanis

Ga wata budurwa zaune gaban tsohuwa mai lalle a kasuwar Suleja, jakar tanis a bayanta kamar goyo. Damtsenta na dama kuwa, wallahi in ta mari bijimi sai ya ba ta haƙuri. Ina jin tun tana 'yar mitsitsiya take jibgar katangar gidansu da ƙwallo, har katangar ta gaji.

Hannun hagu kawai take miƙawa, na daman yana ɓoye cikin mayafi.

"Ɗayan fa, 'yata?"

"Duk ya yi kanta, Inna, kunya nake ji. Gobe zan fara buga gasar ƙwararru a Abuja."

Tsohuwar ta jawo hannun, tana shafa kantar a hankali.

"Ai shi ya kai ki Abujar. Da shi za mu fara."