Tukunyar da Ba Ta Ƙanzo

A gidanmu na Badafi, ba a fara tatsuniya sai da ƙanzo. Ana idar da magariba muke rugawa mu zagaye murhu, kakarmu Iya Hansai ta ɓamɓaro ƙanzon tuwon dawa daga gindin tukunya, ta raba mana, sannan ta buɗe baki muna garas-garas.

Wata rana Baffa Sale ya dawo daga Kano da baƙar tukunya mai santsi, ya ba matarsa, wadda girkin gidan ke hannunta. Ya ce komai aka dafa a ciki ba ya kamawa. Har maƙwabta suka shigo kallo. Aka tuƙa tuwo, aka kwashe, gindin tukunya fes. Mu ma muka yi ta tsalle, sai da Iya ta miƙa hannu ba ta sami abin ɓamɓara ba. Kwana uku muna sauraron labari da baki a bushe.

A na huɗu Iya ta gyara zama, ta ce yau sabuwa ce fil ta zo mana. Wai wata mata ce ta tsani kankare tukunya, ta roƙi aljanar tafki ta ba ta wadda ba ta kamu. Aljana ta ba ta. Nan Iya ta maƙale murya: "Amma ki sani, abin da bai kama tukunya ba, sai ya nemi inda zai kama." Matar ta yi ta girki tana kumbura. Zani ya ƙi haɗuwa, ƙofar ɗaki ta ƙi fitar da ita, sai da samarin gari suka ɗaga jinka suka zaro ta ta sama.

Muka yi ta birgima don dariya. Matar Baffa, da ke tattara kwanuka, ta shafa ƙugunta ta ce, "Iya, da ni ake?"

"Ni da aljana nake, 'yar nan."

Washegari tukunyar ta koma cikin kayan jere, ƙanzonmu ya dawo.

Na girma ina ɗaukar abin wayon tsohuwa ne kawai. Bara likita ya ce in rage nauyi saboda hawan jini. Na rage, nauyin ya sake dawowa. A lokacin na ji a rediyo cewa masana na binciken sinadaran da ke cikin shafen irin waɗannan tukwane, ko suna da hannu a ƙiba. Ba su yanke hukunci ba, kuma na san soye-soye da zaman ofis sun fi tukunya laifi a jikina. Amma da na duba tukunyata, wadda ita ma irin ta Baffa ce, sai na ga muciya da cokali sun cinye rabin baƙin shafen. Ban san wanda ya bi ruwan wanke-wanke da wanda ya bi tuwonmu ba.

Na ajiye ta, na sayo ta ƙarfe. Jiya 'yata Safiya, da ba ta taɓa ganin ƙanzo ba, ta leƙa ciki ta ce, "Umma, tuwo ya ƙone."

Na ce ta ɗauko cokali ta zo ta zauna.