Ƙwayar da Delu ta kwance mini

Assalamu alaikum, 'ya'ya da jikoki da masu leƙena a waya. Wata huɗu ba ku ji ni ba, har wasu sun ce tsohuwa ta tuba da surutu. Ban tuba ba. Bakin ne ya rufe.

Gwiwa ce ta fara. A wajen wani suna a Kurni na kasa tashi daga tabarma, sai aminiyata Hajiya Delu, wadda muka yi tallar fura tare muna 'yan mata, ta kwance bakin zanenta ta zubo mini ƙwayoyi farare. "Sha, ni su suka miƙar da ni." Haka muka saba, goro a raba, magani a raba.

Kwana goma ina sha, gwiwa ta saki. Sai zazzaɓi, ido ja, maƙogwaro kamar na haɗiyi ƙaya. Na ce masassara ce, na ci gaba da shan ƙwayar. Bayan kwana biyu ƙuraje suka feso a ƙirji da baya, suka ɗuri ruwa, fata ta fara saluɓewa kamar an watsa mini tafasasshen ruwa.

Jikata Hadiza, da cikinta wata bakwai, ta kai ni asibiti nan Matamaye. Delu ta biyo mu da kwanon kunu.

Lokotoro, wato likita, ya ce, "Iya, wane magani kika sha?"

Na dubi Delu a gefen gado. Na girgiza kai. Yaya zan kunyata aminiyar shekara hamsin a gaban yara?

Ya sake tambaya, na sake girgizawa. Ya ce, "In ban san abin da ya jawo wannan ba, idon nan zai iya tafiya."

Delu ta miƙe, ta kwance bakin zane ta ajiye masa ragowar da takardarsu. "Ni na ba ta. Kar ka biye mata, tun tana yarinya ba ta iya ƙarya ba."

Ya ce jikina ne ya ƙi maganin, wani ya sha lafiya, wani ya ƙone shi. Ranar aka wuce da ni Damagaram.

Sati uku. Ƙarin ruwa, ɗibar jini, wankin ciwo kowace safiya, ɗiga magani a ido ba hutu. Leɓɓa suka manne, ido ya kumbura ya rufe. Mutuwa ba ta ba ni tsoro sosai ba. Tsorona Hadiza ta haihu, a miƙo mini jariri in shafa kawai.

Delu ke ba ni kunu da ɗan cokali, tana cewa, "Gari ya huta da bakinki."

Ranar da ido ya buɗe, fuskarta na fara gani. Na ce, "Duk wahalar nan don in ga wannan?" Ta fashe da kuka. Karo na farko ba ta rama ba.

Yanzu fata dabbare-dabbare, farce biyu sun faɗi, ido yana bushewa. Sunan maganin yana rubuce a kati cikin jakata, duk likitan da na je wurinsa, katin nake fara nuna masa.

Ku ji ni: kar ku sha maganin wani. In kun fara sabon magani, kuka ga ƙuraje da zazzaɓi ko ciwon baki, ku dakata da shi, ku tafi asibiti ranar da takardarsa. Kuma ku faɗi gaskiya, ko wa ke zaune a gefen gado.

Alhamdu lillahi. Ma'aikatan jinya da masu addu'a, Allah ya saka da alheri.

Hadiza ta sauka lafiya, namiji. Na gan shi da idona. Sabon mijina ne, amma kunnuwan nan sun yi faɗi, na gaya masa.

Delu kuwa, goro kaɗai take kwance mini yanzu. Shi ma sai na duba.