Yashin da Na Gani a Motar Kawu

Mun bar Kano ana idar da sallar asuba, ni da wani dattijo mai gyaran wutar mota. A jakata akwai baƙin akwati wanda bai fi ƙaramin ƙamus girma ba, na naɗe shi da tsohuwar riga. Makanikai suna kiransa ƙaramar ƙwaƙwalwar mota. Ba ruwansa da inji, shi ne dai yake ba fitilu da hon da waifa da makullan ƙofa umarni. Na motar kawuna ne ya lalace, wannan kuwa na hannu ne da muka samo a kasuwar Ƙofar Ruwa. Sau uku na gwada lambarsa da wadda Kawu ya karanto mini a waya, har mai shagon ya tambaye ni ko jarrabawa zan rubuta a kai.

Motar a-kori-kura ce, da ita Kawu yake ciyar da gidansa. Wata guda ke nan tana wasu halaye. Hon ya tashi da kansa tana ajiye. Waifa ta kama aiki da rana tsaka babu ɗigon ruwa. Fitila ta ƙi mutuwa har batir ya sauka. Daga ƙarshe ta tsaya a Rogo ta ƙi tashi. Ga shi kuma manoman wani ƙauye a bayan Rogo, waɗanda Kawu ya shekara bakwai yana kwashe musu gyaɗa, sun ba shi wa'adi zuwa yammacin ranar nan ta Laraba. A ƙauyen, direban da ya ɗauki lodin farko shi ke da kakar gaba ɗaya. In wani ya riga shi, sai baɗi.

Hanyar Gwarzo da sauƙi da sassafe, sai 'yan ramuka da direbanmu ya haddace. Kuɗin mota ya kusa ninka abin da na biya bara, amma ba wanda ya yi gardama sai wata tsohuwa 'yar garin Turawa, ita ma da aka rage mata sai ta ce ai da ma gwaji take yi. A Gwarzo muka karya da koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, mai suyar ta ce laifin wake ne, ba nata ba. Daga nan zuwa Ƙaraye dawa ta yi kai, an tuge gyaɗa an kifa ta a gonaki tana shan rana. Can gabas kuwa akwai ɗan hadari, irin na ƙarshen damina.

A tashar Ƙaraye muka tarar da Kawu cikin farar riga mai guga kamar kullum. Ya gaisa da mai gyara, ya tambayi iyali da hanya da gajiya, sannan ya juyo gare ni.

"Ɗan boko, har da littafin naka ka zo?"

Na ce eh, Kawu. Tun da matsalar ta fara nake kiransa kowace yamma ina rubuta abin da motar ta yi da ranar da ta yi shi. Shi yana ɗaukar abin wasa ne. Ni ma ban san amfanin da zai yi ba, hannuna ne kawai ba ya iya barin abu bai rubuta ba.

Hanyar Rogo ta fi ƙunci, ga babura ɗauke da buhuna, ga rake a gefen titi. Mun isa da hantsi. Motar tana ƙarƙashin wata darbejiya a ƙofar gidan abokin Kawu, tana ƙyalli kamar yau aka sayo ta. Mai gidan ya ce in mun gama mu sanar da shi, don tun da ta yi shiru maƙwabta suke makara, da ma ita ke tashinsu da hon.

Mai gyara bai yi garaje ba. Ya fara cire kan batir. Ya kwance murfin da ke ƙarƙashin sitiyari, ya sa ni na ɗauki hoton kowane soket kafin ya zare shi. Ya tsinci wayoyi biyu da wani ya taɓa haɗawa kai tsaye don fitila ta kama, ya cire su yana girgiza kai. Sai ya fito da tsohon akwatin ya miƙo mini. Ya ce tsufa ne, haka suke yi.

Na koma gefe na zauna da shi. Ƙafafun soket ɗin sun yi kore. Da na buɗe murfin, sai na ga wani siririn layi a ciki, irin wanda ruwa yake bari a jikin randa. Na karkata shi a kan littafina, yashi mai laushi ya zubo a takarda. Na koma baya ina duba ranaku. Hon: Juma'a da yamma. Waifa: Asabar. Fitila: Asabar. Daga Litinin zuwa Alhamis kusan babu komai.

Kowa a Ƙaraye ya san abin da Kawu yake yi da safiyar Juma'a. Yakan kai motar bakin ruwa ya wanke ta ciki da waje, ya buɗe ƙofofi ya riƙa sheƙa bokiti har ƙarƙashin sitiyari. Yakan ce motar da ta ɗauki taki duk mako ba za ta kai shi masallaci da wari ba. Da wannan tsabtar ake yabonsa.

Mai gyara ya riga ya goge soket ya fara ɗaura sabon akwatin. In na yi shiru, motar za ta tashi yau, jibi kuma Juma'a. Amma ban taɓa ce wa Kawu ya yi kuskure ba, balle a gaban baƙo. Sai na ɗauki littafin a buɗe na je na durƙusa kusa da shi.

"Kawu, don Allah dubi wannan. A cikin akwatin na samu."

Ya murza yashin da yatsa biyu. Na nuna masa ranakun. Ya duba, ya sake dubawa, ya dubi motar.

"Wannan ai yashin bakin ruwanmu ne," in ji shi a hankali. Can sai ya yi dariya. "Malam, ashe ni nake yi mata wanka har cikin ƙwaƙwalwa!"

Mai gyara ya leƙo ya karɓi tsohon akwatin ya juya shi. "Alhaji, da mun tafi haka, sati uku ka sake nemana. Daga yau tsumma mai ɗan danshi ya isa a ciki. Bokiti kuwa a bar wa bayan mota."

Sauran aikin ya ɗauki lokaci. Ya mayar da batir, ya jona na'urarsa don sabon akwatin ya gane makullin motar, in ba haka ba ba zai bar ta ta tashi ba, muna ta kallon allon na'urar. Karon farko ya ƙi. Kawu ya dubi hadarin da ya matso. Karo na biyu ya karɓa. Inji ya tashi. Ina karanto jerin da na rubuta, mai gyara yana gwadawa ɗaya bayan ɗaya: fitilar gaba, ta baya, sigina, hon, makullai. Kowanne ya jira aka taɓa shi kafin ya yi aiki.

Mun yi azahar, muka sha fura a tsaye, muka kama hanyar ƙauyen. Mun tarar da buhuna a jere a bakin gari, da wata mota da ta zo ta faka a inuwa, direbanta yana jiran la'asar ta wuce. Shugaban manoman ya dubi rana, ya ce Alhaji ya cika alkawari, a fara lodi. Kawu ya je ya gaisa da direban nan hannu bibbiyu. An ɗaure tamfol ke nan yayyafi ya sauko. Kawu ya murɗa waifa, ta share gilashi. Ya kashe, ta tsaya. Sai da ya yi haka sau uku.

A Ƙaraye ya sauke mu, ya cusa mini ƙullin dafaffiyar gyaɗa a jaka. Mun shiga Kano ana kiran magariba. Abin da na koyo a tafiyar nan shi ne, canja abin da ya lalace rabin gyara ne, sauran rabin sai an gano abin da ya lalata shi, an kuma iya faɗa wa mai shi ba tare da an kunyata shi ba.

Ranar Juma'a da hantsi Kawu ya kira ni, ina jin motsin ruwa a bayansa.

"Ɗan boko, ɗauko littafinka ka rubuta. Yau da tsumma na goge ta."