Nonon da Na Zubar a Kasuwar Dogo-Dogo

A gidanmu uwa ba ta nuna ta damu da ɗanta na fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya. Ni kuwa na riƙe al'adar nan gam, har ana yabona. "Yaron nan" nake ce masa. In na shayar da shi a ɗaki sai in miƙa wa Inna, uwar mijina, ina ɗaure fuska kamar ba ni na haife shi ba.

Yana wata tara aka ce ƙyanda ta shiga ƙauyen Guci da ke kusa da mu. Na san ƙyanda, ita ta cinye wa ƙanwata ido ɗaya. Sai ga shela, wai ran kasuwar Dogo-Dogo za a yi wa yara allurar rigakafi. Mu kuma washegarin kasuwar za mu kora shanu arewa, inda likita ke da nisa. Hankalina ya tashi, amma da wane baki zan ce a kai shi? Sai na dinga yi wa Inna zancen 'ya'yan mutane: wance za ta kai nata, wance ma haka. Tsohuwar nan ta gane sarai, amma ta ci gaba da jan carbi, wai gwiwarta ke ciwo. Haushi kamar ya kashe ni.

Ran kasuwa da safe sai ga ta ta goya shi. Na suri ƙwaryar nono na bi bayanta, wai talla zan je.

A gindin bishiya malamar asibiti ta buɗe akwatin sanyi, mata suka yi layi. Na tsaya nesa ina kallon masu awon gero. Da layi ya zo kan Inna, allura na shiga, yaron nan ya tsala ihu. Ban san lokacin da na saki ƙwarya ba. Na keta layi na fizge shi, ina kiran sunansa a gaban kowa. Mata suka kwashe da dariya, wata har da guɗa. Malamar ma dariya take, tana gaya min in ya yi ɗan zazzaɓi bayan allurar ba komai ba ne, kuma akwai allura ta biyu, kar mu manta.

Inna ta share hawayen dariya ta ce, "Gwiwata lafiya lau, 'yar nan. So nake in ji ko kin san sunansa."

Kunya ta kama ni, amma daɗin da na ji ya fi ta. Ni na goya ɗana har gida, Inna na biye da ƙwarya ba ko ɗigon nono.