Faifan Ranar Alhamis

Duk wanda ya taɓa sayen hatsi a kasuwar Dakoro ya san Uwale mai bakace, ko da bai san sunanta ba. Ita ce gajeriyar matar nan da ke zama bayan rumfar masu awo, tana fitar da tsakuwa da ƙaiƙayi daga hatsin 'yan kasuwa. Ladanta tiya guda a yini, da ɗan abin da ya zube ƙasa. Daga Ajekoriya ta zo bayan rasuwar mijinta, da faifai biyu da 'ya ɗaya. Da bakacen nan ta aurar da 'yar, da shi kuma take riƙon jikokinta mata biyu tun da iyayensu suka tafi Agadas neman abin yi.

Matan unguwarsu suna da rumbun taimako, wani ɗakin ƙasa kusa da famfo. Kowace mace, kafin ta zuba hatsi a turmi, takan ɗebi cikin hannu ɗaya ta ajiye gefe. Ranar Alhamis da hantsi sai a kai abin da aka tara cikin ƙwarya, a rufe da faifai, a shiga ɗaya bayan ɗaya. Mai riƙe da makulli wani tsohon Buzu ne, Agali, wanda ya sauko daga Azagor bayan dabbobinsa sun ƙare. Shekara tara Uwale ba ta taɓa fashi ba. Shiga take ta juye ta fito, ba ta tsayawa tambayar inda hatsin ke zuwa.

Bana kafaɗarta ta dama ta ƙi. Tun bazara faifai ya gagare ta, 'yan kasuwa suka ɗauki wata. Damina ta yi nisa, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba.

Ana nan sai ga ma'aikata da takarda, suna bin gida-gida suna rubuta mabukata. Wata budurwa daga cikinsu ta tsaya a ƙofar Uwale ta ce, "Inna, yaya gida? Yaya cimaka?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Sai godiya."

To, me mutum zai ce wa baƙo a bakin ƙofa? Budurwar ta yi murmushi ta wuce gida na gaba. Da buhunan rabo suka iso, babu sunan Uwale.

Ba ta faɗa wa kowa ba. Kullum la'asar, lokacin da turame ke amsawa a unguwa, ita ma sai ta zuba dusa a nata, ta kama taɓarya da hannun hagu, don maƙwabta su ji gidan na daka. Yaran kuwa kunun dusa ne da ganyen tafasa. Ƙaramar ta yi kuka kwana uku, daga nan ta daina, ta koma kwanciya a inuwa tana kallon kaji. Shirun nan ya fi kukan tayar wa Uwale da hankali.

Ranar Laraba tana cikin dakan, sai Rahinatu, taubashiyarta da suke haɗe da katanga, ta leƙo.

"Ke 'yar kawu, mi kike daka?"

"Hatsi mana. Kanki zan daka?"

"Turmin hatsi gum-gum yake cewa. Naki ko kwas-kwas, kamar tsohuwa na tari. Kwana biyar ina saurare."

"Kunnenki ne ya tsufa."

"Na ji. Gobe Alhamis, ki ɗauko ƙwaryarki mu tafi."

"Da mi a ciki?"

"Da faifai a bisa," in ji Rahinatu, ta sauke kanta.

Da safe Uwale ta dubi ƙaramar jikarta, ta daɗe tana dubanta, sannan ta ɗauko ƙwaryar. Ashe ɗaukar ƙwarya wofi ma aiki ne. Sai da ta dafe ta da hannu kada iska ta tona mata asiri, tana tafiya a hankali kamar mai kaya. A bakin rumbun mata sun kai ashirin, ana ta gaisawa, kowa da ƙwaryarta a rufe.

Da ta shiga, Agali ya ɗaga faifan. Ya dubi cikin ƙwaryar, bai dubi fuskarta ba. Ya juya ya cika tiya ya zuba, ya ƙara, ya sake ƙarawa.

"Malam Agali," ta ce, "ni fa kawowa nake."

"Na sani. Cikin wannan akwai na hannunki."

"Mutane na waje. Za su gani."

"Mi za su gani? Ke duk shekarun nan kin ɗauka don ƙudaje ake rufewa?" Ya mayar da faifan ya daidaita shi. "Cikin waɗanda kika gaisa da su yanzu, faɗa mini wadda ta kawo da wadda za ta ɗauka."

Uwale ta tuno fuskokin ɗaya bayan ɗaya, har da ta Rahinatu a shekarar da mijinta ya kwanta ciwo. Ba ta iya ware ko ɗaya ba.

Agali ya taya ta ɗorawa. "In kin fita ki yi sauri, kamar wadda ba ta ɗauko komi ba."

Haka ta fito, tiya uku a ka, kafaɗa na zogi, tana ɗaga ƙafa kamar budurwa. Ba wadda ta bi ta da kallo.

Da la'asar ta jawo turmi. Hannunta ya shiga hatsin ya ɗebo kafin ta yi tunani. Ta tsaya da shi a dunƙule, ta dubi yaran, ta dubi tukunyar da take tara hatsin Alhamis a gefe. Sai ta zuba rabi a tukunyar, ta mayar da rabi turmi.

Ba ta yi bugu goma ba muryar Rahinatu ta tsallako katanga.

"Sannu, 'yar kawu! Tsohuwa ta warke tari?"

"Ki zo ki kama mini taɓarya," in ji Uwale, "tunda kunnenki ba ya da aikin yi."