Jinin Gidanmu Ba Ya Raki

'Yata tana da shekara shida likita ta ce sai an cire mata amidal, wato ƙululun nan biyu na cikin maƙogwaro da ke kumbura mata duk damina. Daminar Douala kuwa ba ta san ƙarewa ba. Kafin aikin aka ɗebi jininta, aka ba mu ɗan kati an rubuta O positif. Irin nawa ke nan.

Ni ne ɗan bokon gidanmu na unguwar New Bell, mai ɗaura taye ya tafi ofis a Bonapriso, don haka ba na barin magana a hannun likita ita kaɗai. Da hutun rana na buɗe waya, na ci karo da wani rubutu da Faransanci a kan rukunin jini, wato grup, da zafin da yara ke ji bayan irin wannan aiki. Kan rubutun na karanta da layi uku, sai shugabana ya kira ni. Har yau ban san abin da ƙarshensa ya ce ba. Amma da na dawo na miƙe ƙafa a tsakar gida, na sanar cewa masu O ba sa jin zafi sosai.

Inna, mahaifiyata, ta ajiye carbi. Shekara da shekaru tana faɗin jinin gidanmu ba ya raki, dangin matata ne masu kuka don sauro ya cije su. Yau ga shi Turawa sun rubuta.

"Ai na faɗa! Wannan grup ɗin naku, jinin gida ne, ba wani abu ba. Ni da wanzami ya cire mini belu ko uffan ban ce ba." Ban tuna mata cewa kwananta bakwai a duniya lokacin ba. Ta jawo jikarta ta dafa kanta. "Ke tamu ce, ga shi nan a kati. Mu ba ma kuka."

An yi aiki lafiya, washegari muka dawo gida. Duk wanda ya tambayi yarinyar ko da zafi sai ta girgiza kai. Inna ta riƙa kiran maƙwabta su zo su ga jarumta. Ni kuma na ce wa matata ta rage ba yarinyar siro, wato maganin ruwa na kashe zafi, yawan magani ba kyau.

"Dokta ta ce duk awa shida," in ji ta.

Na ce dokta ta rubuta ne don kowane yaro, ba ta duba grup ba. Na ƙarasa bayanin da Faransanci, yadda nake yi in ba na son a ja da ni.

Rana ta uku da safe matata tana shara, tsintsiya ta bugi wani gwangwanin madara a ƙarƙashin gado. Cike yake da yawu. Ashe yarinyar ko miyau ba ta iya haɗiyewa, sai ta faki ido ta tofar. Ruwan da ake ba ta kuwa a kwata take juyewa. Sai lokacin na dube ta da kyau: leɓe ya bushe, ido ya faɗa. Na rungume ta muka hau bensikin, wato acaɓa, sai asibiti, mai babur yana kutsawa tsakanin motoci, ni ina jin nauyinta kamar na kaza.

Aka sa mata ƙarin ruwa. Likita ta tambayi dalilin da aka rage maganin, na fara yi mata bayanin rukunin jini. Ta bar ni na kai ƙarshe, sannan ta tambaye ni inda na yi karatun likita. Kunya ta rufe ni, amma ba kunyar ce ta fi ci mini rai ba.

Da muka rage mu biyu 'yata ta jawo hannun rigata, na sunkuya. Da ƙyar muryar ta fito.

"Papa, in na yi kuka, za a karɓe mini katin?"

Na ce ba mai karɓa, ta yi kukanta, ni ma ina yi in na ji ciwo. Ta buɗe baki, maƙogwaron bai bar sauti ya fita ba, sai hawaye kawai. Tana yi tana waiwayar ƙofa ko kakarta ta iso.